Ƙasar Ailan: Inda Filin Ƙwallo Ba Ya Manta Mamatansa

Daga Wakilinmu

Masu iya magana sun ce tafiya mabuɗin ilmi, kuma gani ya kori ji. A cikin watan Nuwamba na shekarar 2025 na sami damar yin kwana 12 a ƙasar Ailan, watau tsibirin nan da ke yamma da Ingila. Na sauka a wurin wani abokina da muka yi makaranta tare, wanda yanzu yake aikin jiyya a wani asibiti a lardin Tipperary. Kafin in tashi, abin da na sani game da mutanen wannan ƙasa bai wuce labarin malaman mishan da suka zo Nijeriya suka buɗe makarantu ba, irin su makarantar 'yan mata ta St. Louis da ke Kano. Amma abin da na komo da shi, wanda har yau yake yi mini yawo a zuci, wani abu ne dabam, watau yadda ƙananan ƙungiyoyin wasa na ƙauyukansu suke tunawa da 'ya'yansu da magoya bayansu waɗanda suka rasu.

Kwanana uku da sauka, muna cikin mota da hantsi ana yayyafi mai sanyi, sai muka tarar an tsai da motoci a bakin ƙauyen da abokina yake zaune. Na ɗauka hatsari aka yi. Abokina ya kashe mota, ya ce mu fito mu tsaya, gawa ce za ta wuce. Da muka matsa sai na ga mutane sun yi sahu biyu, dama da hagun hanya, tun daga dattawa masu furfura har zuwa yaran da ba su wuce shekara 8 ba, kowa ya ɗora rigar wasa mai launi iri ɗaya a kan rigar sanyinsa. Ba mai magana, ba mai motsi. Motar gawa ta taho a hankali a tsakaninsu, a kan akwatin an shimfiɗa irin wannan riga. Da ta iso daidai ƙofar filin ƙwallon ƙauyen sai ta tsaya cik kamar minti ɗaya, ga tutar ƙungiya an sauke ta zuwa rabin sanda, sa'an nan ta wuce zuwa coci.

Na tambayi abokina ko wani shahararren ɗan wasa ne ya rasu. Ya girgiza kai. Ya ce tsohon nan ya ɗan taɓa wasa yana saurayi, amma bai taɓa cin ko da ƙaramin kofi ba. Abin da aka san shi da shi kawai, shi ne ya shafe fiye da shekara 40 yana yanke ciyawar filin, yana zana farin layi, yana buɗe ƙofa da safe yana rufewa da dare. Wannan amsa ce ta sa na ajiye sauran abubuwan da na yi niyyar gani, na bi sawun wannan al'ada.

Ƙungiyar Da Ba Ta Biyan Albashi

Kafin mai karatu ya gane abin da na gani, ya kamata in ɗan yi bayanin irin ƙungiyar da ake magana a kai. Mutanen Ailan suna da manyan wasannin gargajiya guda biyu. Na farko shi ne harlin, wanda ya ɗan yi kama da ƙwallon gora. Ana yin sa da sanda mai faffaɗan kai da wata 'yar ƙwallo mai tauri wadda ba ta fi lemo girma ba. Na biyu kuwa shi ne ƙwallon Gelik, wadda ake bugawa da ƙafa ana kuma kamawa da hannu. A kowanne, mutum 15 ne a gefe guda. In ƙwallo ta shiga raga maki 3 ke nan, in kuwa ta bi ta saman sandar gola galibi maki 1.

Uwar ƙungiyar da ke kula da waɗannan wasanni ita ce wadda kowa ke kira GAA. Tana da ƙananan ƙungiyoyi fiye da 2,000 a cikin larduna 32 na tsibirin, ban da ɗaruruwan da 'yan ƙasar suka kafa a Ingila da Amurka da Ostareliya da sauran wurare. Kusan kowace gundumar coci tana da tata, da filinta, da launin rigarta. Abubuwa biyu ne suka raba ta da ƙwallon Turai da muka saba gani a talabijin. Na ɗaya, ba a biyan ɗan wasa albashi. Mutumin da ya yi wasa ran Lahadi a gaban 'yan kallo 82,000, shi ne za ka gani cikin makon yana koyarwa a aji, ko yana tatsar shanu. Na biyu, ba a saye ko sayar da ɗan wasa. Galibi inda aka haife ka nan za ka fara, nan kuma za ka ƙare, ko ƙauyenku yana ci ko ana cinye shi.

To, ƙungiyar da ba ta ba kowa ko anini, da me take saka wa wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana yi mata hidima? Iyakar abin da na gani, da tunawa take biya. Kuma wannan bashi ne da suke ɗauka da nauyi ƙwarai.

Garin Da Aka Fara

Don in ga tushen abin, na shiga garin Thurles, wanda 'yan ƙasar ke faɗa kamar Tarlas. Ƙaramin gari ne mai mutane kimanin 8,000, yana kan hanyar jirgin ƙasa tsakanin Dablin da Kok. A tsakiyar garin akwai wani dandali mai faɗi, a gefensa kuma ga otel ɗin Hayes yana nan har yau. A wani ɗaki na wannan otel ne, ran 1 ga Nuwamba 1884, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin Ingila, waɗansu mutane kaɗan, waɗanda aka fi cewa su 7 ne, suka zauna suka kafa GAA. Jagoransu wani malamin makaranta ne mai suna Michael Cusack, shugabansu na farko kuwa Maurice Davin, manomi kuma gwanin wasannin tsalle da jifa. Babban limamin Katolika na yankin, Thomas Croke, shi ya zama uban ƙungiya, ga gunkinsa nan tsaye a dandalin yana kallon masu wucewa.

Daga nan na taka zuwa babban filin wasa na garin, wanda ke cin mutum fiye da 45,000, watau ya ninka mutanen garin duka sau biyar. Sunansa filin Semple, don tunawa da Tom Semple, wani gwanin harlin ɗan garin wanda ya rasu a 1943. A nan na fara lura da cewa duk wanda ya karanta sunayen filaye da rumfuna da kofuna na wannan ƙasa, to, jerin sunayen mamata yake karantawa. Mu mun saba a sa wa filin wasa sunan shugaban ƙasa ko gwamna. Su kuwa sau da yawa sunan ɗan wasa ne, ko magatakarda, ko malamin makaranta, ko limamin ƙauye. Babban kofin ƙwallon Gelik na ƙasa baki ɗaya yana ɗauke da sunan Sam Maguire, mutumin lardin Kok wanda ya yi aikin gidan waya a Landan, ya bauta wa ƙungiya a can, ya komo gida ya rasu cikin talauci da ciwon tarin fuka a 1927. Abokansa suka tara kuɗi aka ƙera kofin azurfa, aka fara ba da shi a 1928. Yau ba yaron da bai san sunan Sam ba a ƙasar.

Daren Kiran Sunaye

A al'adar 'yan ɗarikar Katolika, Nuwamba shi ne watan tunawa da matattu, musamman ran 2 ga wata. Saboda haka ƙungiyoyi da yawa sukan keɓe dare guda a cikin watan don yi wa mamatansu addu'a. Na ƙauyen abokina ya faɗo a daren Juma'a, kwana huɗu bayan jana'izar da na gani. Ɗan abokina, yaro ɗan shekara 11 wanda aka haifa a can, yana cikin yaran ƙungiyar masu koyon harlin, don haka muka raka shi, na zauna daga baya a matsayin baƙo.

Hunturu ya shiga, ƙarfe biyar na yamma duhu ya riga ya rufe, amma cocin ya cika. Aka fara da yara suka kai waɗansu kayayyaki gaba suka ajiye: rigar ƙungiya, da sandar harlin, da ƙwallo, da wani tsohon littafin da magatakarda ke rubuta bayanin taro. Bayan limamin ya yi nasa, sai magatakardar ƙungiya, wata mata mai matsakaicin shekaru, ta miƙe da takarda a hannu ta fara kiran sunayen waɗanda suka rasu cikin shekarar. Duk sunan da ta kira, sai wani daga cikin dangi ko yaran ƙungiya ya tashi ya kunna kyandir ɗaya.

Abokina yana raɗa mini ko su wane ne. Wannan tsohon mai tsaron gida ne. Wannan wata tsohuwa ce da ta yi shekaru tana wanke rigunan 'yan wasa a gidanta, tana shanyawa a igiya. Wannan bai taɓa riƙe sanda ba, amma ba a taɓa yin wasa a gida ko a waje ba tare da an ji muryarsa a bakin fili yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi ba. Wannan kuwa ya bar ƙauyen tun yana saurayi, ya rasu a Amurka, amma bai taɓa fasa aiko da kuɗin ƙungiya ba. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ambaci muƙamin kowa ba, ba a kuma sa mai kuɗi gaba da talaka ba. Suna ne kawai, sai shiru, sai kyandir. Na ƙarshe shi ne mai yankan ciyawa, domin shi ne sabon rashi.

Da aka tashi sai aka ɗunguma zuwa ɗakin taron ƙungiya a bakin fili, inda mata suka tanadi shayi da burodi. Bangon ɗakin kaf hotuna ne, tun daga masu baƙi da fari har zuwa na bana. Wani dattijo ya kama hannuna ya kai ni gaban hoton wata tawaga ta zamanin samartakarsa, yana bin fuskoki da yatsa, yana faɗa mini sunan kowa da gidansu da wurin da yake tsayawa a fili. Da ya kai ƙarshe ya ce su uku suka rage. Bai faɗa da baƙin ciki ba, sai ka ce mai ba da lissafin kaya. A wani akwatin gilashi kuma ga kofuna jere, kowanne da sunan mamaci a jikinsa. Ɗan abokina ya nuna mini wanda su yara ke fafatawa a kansa kowace shekara, ya kuma ba ni labarin mai sunan, mutumin da ya rasu tun kafin iyayen yaron su san akwai wata ƙasa wai ita Ailan. A ran ƙarshe na gasar, iyalin mamacin ne ke zuwa su miƙa kofin da hannunsu.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya tsaya ga kyandir da hotuna. Zaman makoki da taimakon maƙwabta ba baƙon abu ba ne a gare mu, sai dai a can ƙungiyar wasa ce ke ɗauke da mafi yawan ɗawainiyar. Da zarar an yi rasuwa, magatakarda zai aika wa kowa saƙo ta waya. Samari za su sa riguna masu ƙyalli su tsaya cikin ruwa da sanyi suna shirya motocin masu ta'aziyya a wata gona. Mata za su kama girki. A waɗansu ƙauyuka har yanzu maƙwabta ne ke haƙa kabari. A ɗage wasan da aka shirya, a wasa na gaba kuma a yi shiru na minti ɗaya kafin a jefa ƙwallo. Gidan rediyon lardi ya karanta sanarwa, jaridar mako kuma ta buga ta'aziyyar ƙungiya a shafin labaran ƙauyuka, tare da sakamakon wasan yara. Ko a 2020, da annobar korona ta sa gwamnati ta ƙayyade masu halartar jana'iza zuwa mutum 10, 'yan ƙungiyoyi sun riƙa fitowa su jeru a bakin hanya nesa da juna, don kada a ce ɗan'uwansu ya tafi ba rakiya.

Rashin Da Ya Zama Magani

Ba kullum ne mamacin yake tsoho ba. Ba nisa da Thurles akwai ƙauyen Clonoulty, inda na tsaya a ƙofar filin ƙungiyarsu. Filin yanzu yana ɗauke da sunan Dillon Quirke. Wannan saurayi yana cikin gwanayen harlin na lardin Tipperary, shi ne kuma kyaftin ɗin ƙungiyar ƙauyensu. Ran 5 ga Agusta 2022, ana cikin wasa a filin Semple, sai ya yanke jiki ya faɗi, daga nan kuwa bai tashi ba. Shekarunsa 24. Ciwon zuciya ne irin wanda ke ɓuya a jikin matashi mai ƙarfi ba tare da wata alama ba.

Iyalinsa ba su tsaya ga kuka ba. Suka kafa asusu da sunansa, wanda ke biyan kuɗi ma'aikatan lafiya su bi ƙungiyoyin wasa suna auna zuciyar yara matasa. An riga an auna dubbai, waɗanda aka ga alamar matsala kuma aka tura su asibiti. Kafin shi ma an yi irin wannan a arewacin tsibirin. Cormac McAnallen, kyaftin ɗin ƙwallon Gelik na lardin Tyrone, ya rasu cikin barcinsa a watan Maris na 2004, shi ma yana da shekara 24. Asusun da aka kafa da sunansa ya taimaka wajen rarraba na'urar farfaɗo da bugun zuciya, kuma yau da wuya ka shiga filin ƙauye ba ka ga akwatinta a maƙale a bango ba. Da Tipperary ta ci kofin harlin na ƙasa a watan Yuli na 2025, kyaftin ɗinta Ronan Maher bai sauka daga kan rumfa ba sai da ya ambaci sunan Dillon a gaban dubban jama'a.

Lahadin Jini

Akwai wani saurayin Tipperary kuma, shi ma ɗan shekara 24, wanda labarinsa ya girmi waɗannan duka. Don in ga inda ya fito, muka gangara kudu maso gabashin lardin zuwa ƙauyen Grangemockler, a gindin wani dutse mai suna Slievenamon. Nan aka haifi Michael Hogan, ɗan manoma, nan kuma kabarinsa yake.

A 1920 Ailan tana tsakiyar yaƙin neman 'yanci. Da safiyar Lahadi 21 ga Nuwamba, mayaƙan Michael Collins suka bi gidaje a Dablin suka harbe waɗanda suke zargi da yi wa Ingila leƙen asiri. Da la'asar, ana wasan ƙwallo tsakanin Dablin da Tipperary a filin Croke, sai 'yan sanda da sojojin gwamnatin Ingila suka iso, aka buɗe wa 'yan kallo wuta. Harbin bai wuce minti ɗaya da rabi ba, amma mutum 14 suka rasa rayukansu, da yawa suka ji rauni. Hogan yana cikin masu tsaron baya na Tipperary, a kan ciyawar fili harsashi ya same shi. Bayan 'yan shekaru aka sa wa babbar rumfar filin sunansa, kuma har yau a kan wannan rumfa ake miƙa wa zakaru kofi.

Da shekara 100 ta cika, ran 21 ga Nuwamba 2020, an kunna fitilu 14 a filin Croke, ba 'yan kallo saboda annoba. Kashegari Tipperary ta shiga wasan ƙarshe na ƙwallon Gelik na shiyyar Munster sanye da riga fara mai ratsin kore, irin wadda Hogan da abokansa suka sa a wancan Lahadin, ta kuma doke Kok, abin da rabonta da shi tun 1935. Mutanen lardin ba sa gajiya da ba da wannan labari.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, tunawa da matattu a wannan tsibiri ba kullum ne yake haɗa kai ba. A Ailan ta Arewa, wadda ke ƙarƙashin Birtaniya, rikicin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa yarjejeniyar 1998 ya ci 'yan ƙungiya da dama. Sean Brown, shugaban ƙungiyar garin Bellaghy, yana rufe ƙofar fili da dare ran 12 ga Mayu 1997 'yan bindiga suka sace shi suka kashe, filin kuma yanzu sunansa yake ɗauke da shi. A ɗaya gefen, akwai ƙungiyoyin da suka ɗauki sunayen mayaƙan da suka yi faɗa da gwamnatin Birtaniya, abin da ke ɓata wa masu goyon bayan Birtaniya rai, domin wanda wani ke kira gwarzo, wani kuwa shi ya sa shi maraici. Wannan gardama ba ta mutu ba.

Kaburburan Da Aka Manta

Ana jajibirin tasowata na shiga jirgin ƙasa zuwa Dablin. Na fara da filin Croke, wanda ke cin mutum 82,300, na tsaya a gindin rumfar Hogan. Daga nan na wuce makabartar Glasnevin da ke arewacin birnin, wadda aka buɗe a 1832, inda aka binne mutane kimanin miliyan ɗaya da rabi. A nan na koyi darasin da ya fi kowanne.

Kowa ya san sunan Hogan domin shi ɗan wasa ne. Amma sauran 13 fa? Su ba 'yan wasa ba ne, 'yan kallo ne kawai da suka zo ganin ƙwallo. A cikinsu akwai Jane Boyle, wadda ta je tare da saurayinta saura kwana 5 a ɗaura musu aure, aka binne ta da rigar amarcinta. Akwai yara uku: Jerome O'Leary ɗan shekara 10, da William Robinson ɗan shekara 11, da John William Scott ɗan shekara 14. Da yawa daga cikin mamatan talakawan birni ne, iyalansu ba su da halin sayen dutsen kabari. Haka suka kwanta fiye da shekara 90 a ƙarƙashin ciyawa, ba suna ba alama, alhali kuwa kowace shekara ana ɗaga kofi a rumfar abokin mutuwarsu, tafiyar da ba ta kai mil biyu ba daga inda suke.

Sai bayan da wani ɗan jarida mai suna Michael Foley ya bi diddigin rayuwar kowannensu ya fitar da littafi a 2014, sa'an nan aka farga. Uwar ƙungiya ta haɗa kai da dangin da suka rage, aka shiga neman kaburburan ɗaya bayan ɗaya. An kafa wa Jane Boyle dutse a 2015, Jerome O'Leary kuwa sai a 2019 ya sami nasa. Na tsaya a gaban na yaron nan na daɗe. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe har mutanen da suka shahara da tunawa da mamata suna iya mantawa, kuma wanda ake fara mantawa shi ne talaka mai goyon baya, wanda ba ya cikin hoto.

Ina jin wannan ne ya sa mutanen ƙauyen abokina ba sa wasa da daren kiran sunaye. Sun san suna ba ya tsare kansa, sai an sami mai rubutawa a littafi, da mai tashi ya karanta, da yaron da za a gaya wa. Suna da abin damuwa kuwa, domin samari suna ta ƙaura zuwa birane da Ostareliya, har waɗansu ƙauyuka sai sun haɗu biyu kafin su tara 'yan wasa 15. Dattijon nan mai hoto ya gaya mini cewa ba rashin kofi ke tsorata shi ba, abin da yake tsoro shi ne ranar da za a rasa wanda zai iya faɗin sunayen mutanen da ke jikin bango. Ya faɗi haka yana kallon yaran da ke guje-guje a ɗakin, cikinsu har da ɗan abokina.

A safiyar da zan bar ƙauyen mun sake bi ta ƙofar filin. An mai da tuta sama. Ruwa ya ɗauke, ga wani saurayi shi kaɗai yana tura keken zana layi daga wannan gola zuwa waccan. Abokina ya ce jikan marigayin ne, kuma ba wanda ya sa shi.

To, jama'a, abin da na gano a ƙasar Ailan ke nan. Sai wani makon, in muna da rabon ganawa.